Kwalkwali da Rawani: Kariya da Martabar Sarki daga Tsohuwar Girka zuwa Ƙasar Arewa

0. Gabatarwa

Duk shugaban da ya shiga fagen fama yana da buƙatu biyu waɗanda ba su cika jituwa ba. Ta farko, ya tsira da kansa daga sara da harbi. Ta biyu, mutanensa su hango shi su shaida shi, don su san yana nan da rai, su kuma san inda za su dosa idan ƙura ta tashi. Sai dai abin da ke sa nasa su gane shi, shi ne kuma ke nuna wa abokan gaba inda za su auna. A kan kwalkwali ne waɗannan buƙatu biyu suke haɗuwa, shi ya sa muka ga ya cancanci nazari na musamman.

A cikin wannan ƙasida za mu dubi yadda Girkawan da suka yi da wannan matsala, sannan mu dawo gida mu dubi ƙasar Hausa, musamman ƙasar Arewa ta jihar Doso, wato daga Sukukutane da ke arewacin gundumar Dogon Dutsi har zuwa Tibiri a kudu. Ba muna nufin akwai wata alaƙa ta asali tsakanin Girkawa da Hausawa ba. Amfanin kwatancin shi ne ya fito da abin da ya keɓanta ga kowane ɓangare. Hujjojinmu iri uku ne: rubutattun tarihi, labarun baka kamar yadda masu bincike suka tattara su, da kuma kalmomin harshe. Tambayar da muke son amsawa ita ce: martabar wa kwalkwali ke nunawa, ta wanda ya sa shi ko ta wanda ya mallake shi? Shekarun da ke kafin Miladiyya za mu bi su da alamar K.M.

1. Kwalkwali a wurin Girkawa

Kalmar kwalkwali tana cikin tsofaffin kalmomin Girkanci da aka samu a rubuce. Bayan da Michael Ventris ya warware rubutun Misena a 1952, an karanta ko-ru a jikin allunan yumɓu, wadda ita ce korus ta waƙoƙin Homer. Kwalkwalin manyan wancan zamani da fata ake yinsa, a jera masa ɓarin hauren aladen daji sahu-sahu. An tono irinsa a kabarin Dendra a 1960, tare da rigar tagulla ta wajen 1400 K.M. Kafin a gama guda ɗaya sai an kashe aladen daji masu yawa, ke nan wanda ya sa shi yana shelar cewa shi mafarauci ne, ko kuwa yana da mafarauta a ƙarƙashinsa.

Daga ƙarni na 7 zuwa na 5 K.M. kwalkwalin Korinti ne ya yi tashe. Da fallen tagulla guda ake ƙera shi, ya rufe kai da kumatu da hanci, a bar tsaga ta idanu da baki kawai, a kuma dasa masa zanko na gashin doki. Kariyarsa babba ce, amma yana toshe kunne yana rage gani, don haka daga baya aka koma ga wasu samfura masu buɗaɗɗen kunne da fuska. Abin lura a nan shi ne, sojan ƙasa na biranen Girka da dukiyarsa yake sayen kayan yaƙinsa. Mallakar kwalkwali shaida ce ta cewa mutum ɗa ne, mai gona, mai bakin magana a taron gari. Don haka ne ma ake kai shi ɗakin bauta bayan nasara. A Olimpiya an sami wani kwalkwali da aka zana wa sunan Miltiyad, jagoran Atinawa a yaƙin Maraton na 490 K.M., a matsayin baiko ga Zeyus.

Da sarautar Makedoniya ta yi ƙarfi, sai kwalkwalin sarki ya fita daban. A 1977 Manolis Andronikos ya buɗe wani kabari a Bergina, wanda ya danganta ga Filibus na II (ya rasu 336 K.M.), ko da yake wasu masana suna ganin na Filibus na III ne. A ciki akwai kwalkwalin baƙin ƙarfe mai dogon zanko, a zamanin da tagulla ce kayan kowa. Plutark ya ba da labarin Iskandar, ɗan Filibus na II, a yaƙin kogin Granik a 334 K.M.: fararen fuka-fukai biyu da ke gefen zankonsa sun sa Farisawa suka gane shi suka yi masa ca, har wani babban hafsansu ya sare shi a ka, kwalkwalin ya tsage, makamin ya taɓo gashinsa, sai da Kilitus ya cece shi. Sarki Pirus na Epir kuma da ƙahonin akuya a kan kwalkwalinsa ake shaida shi. A yaƙin Heraklea da Rumawa, a 280 K.M., da ya ga an sa masa ido sai ya yi musanyar kaya da amininsa Megakles. Aka kashe Megakles, aka ɗaga kwalkwalin ana shelar sarki ya mutu, rundunarsa ta fara karaya, dole Pirus ya zagaya sahu kansa a buɗe don a ga fuskarsa. Wannan labari ya tattara matsalar gaba ɗaya: da ya sa alamar an nemi ransa, da ya tuɓe ta ya kusa rasa rundunarsa.

2. Abin da kalmomi ke faɗa

A Hausa kayan kariyar barde uku ne aka fi sani: lifidi, sulke da kwalkwali, sai garkuwa da ake riƙewa a hannu. A karin harshen yamma, har da na Arewa, inda f ke komawa h kamar a tahi maimakon tafi, lihidi ake cewa.

Lifidi daga Larabci libd ta fito, wato dunƙulallen gashi ko ulu irin wanda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sirdi. Sauran kayan hawa ma haka suke: sirdi daga sarj, linzami daga al-lijam, likkafa daga ar-rikab. A cikin linzami har harafin l na al- ya manne ya zama ɓangaren kalma, kamar yadda ya faru a littafi da liman. Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomi da dama na mulki, kasuwanci da ilimi ta hanyar Barebari suka shigo Hausa, misali karatu, rubutu, kasuwa, galadima, ciroma da yarima. Sulke ma tana da takwara a Barbarci, sulge. Doki kuwa tsohuwar kalma ce, kamar yadda jam'inta dawaki ke nunawa. Ke nan Hausawa sun san doki tun kafin su san sirdi mai likkafa. Wannan ya zo daidai da ra'ayin Robin Law (1980), cewa a ƙarni na 13 da na 14 ne yaƙin dawaki ya sake kama a Afirka ta Yamma, da shigowar manyan dawaki, sirdi, likkafa da kayan kariya daga arewa da gabas.

Kwalkwali ta fita daga wannan sahu. Larabci yana da kalmomi kamar khudha, baida da mighfar, amma Hausa ba ta ari ko ɗaya ba. Ginin kwalkwali gini ne na sunaye masu daskararren ninki, irin su furfura, marmara, balbela da gwangwani, inda gaɓar farko ke maimaita tushe alhali tushen ba ya tsayawa shi kaɗai. Kada kamannin sauti ya ja mu ga haɗa ta da ƙwaƙwalwa, domin k da ƙ ƙwayoyin sauti ne daban-daban a Hausa, kamar yadda baki da baƙi suka shaida. A ganinmu wannan bambanci na kalmomi ya dace da bambancin kayan kansu. Sulke kayan shigowa ne daga Masar da Arewacin Afirka, ana gadonsa ana gyaransa, kamar yadda binciken A. D. H. Bivar na 1964 ya nuna. Kwalkwalin da ɗan lifida ke sawa kuwa aikin gida ne, na maɗinki da baduku da maƙeri.

3. Daga Kananeji zuwa Konya

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ce Sarki Kananeji (1390-1410) ne ya fara kawo lifidi, kwalkwalin ƙarfe da sulke, saboda asarar mutane da ya yi a yaƙinsa da Umbatu. Wannan magana tana son hattara. An tsara littafin yadda muka san shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, kuma salon « wane ne ya fara kaza » salo ne na marubutan tarihi ko'ina. Herodot ma ya ce mutanen Kariya ne suka fara dasa zanko a kan kwalkwali. Duk da haka zamanin da aka ba Kananeji ya yi daidai da abin da kalmomin aro suka nuna. Akwai kuma wani abu a labarin da ba a cika kula da shi ba. Duk da lifidi da sulke, Zazzagawa sun kore shi, kuma bai ci nasara a kansu ba sai da ya bi shawarar Sarkin Cibiri ya maido da tsafin da iyayensa suka rushe. A idon mai labarin, ƙarfe shi kaɗai bai isa kariya ba.

Siffar kwalkwali ta biyo irin makamin da ake tsoro. Bagirke mashi da takobi yake tsoro, sai ya nemi tauri. A ƙasar Hausa babban abin tsoro shi ne kibiya mai dafin kwankwani, wadda ƙwarzane kaɗan ya isa ta yi kisa, sai aka nemi kauri da rufe jiki duka. Shi ya sa ake cusa lifidi da auduga ko audugar rimi, a lulluɓe doki da mahayi. Kwalkwalin ma da tsummoki da ƙyalle ake cusa shi, wani lokaci a rufa masa fallen ƙarfe ko sarƙa, a kafa masa gashin jimina a bisa, kamar yadda Joseph Smaldone (1977) ya bayyana. Ga kuma zafin rana: tsurar ƙarfe a ka, ba tare da kaurin ƙyalle a ƙarƙashi ba, azaba ce. A Barno, inda sulke ya fi yawa, Denham ya ga barade a 1823 sanye da rigunan sarƙa, wasunsu da hulunan ƙarfe masu maɗaurin haɓa.

Wannan kaya yana da iyakarsa. A Tabkin Kwatto, kusa da Gudu, gabas da ƙasar Arewa, ranar 21 ga Yuni 1804, maharban jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai ƴan lifida, alhali su dawakinsu ba su wuce ashirin ba. Amma da daula ta kafu, sai sarakunanta suka tara nasu ƴan lifidan. A 1826 Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya, garin Gobirawa. Ya ga yadda ake cicciɓar ɗan lifida a aza shi bisa doki saboda nauyin kaya, ga gashin jimina yana kaɗawa a kansa, ya kuma ga harsashin bindiga guda ta Gobirawa ya huda lifidin wanda ke kan gaba ya kayar da shi.

A nan ne amsar tambayarmu ta fara fitowa. Ƴan lifida yawancinsu bayi ne ko barorin sarki. Doki, lifidi da kwalkwali duk na sarki ne, shi ke rabawa, a ƙarƙashin kulawar Sarkin Lifidi. Saboda haka kwalkwalin Bagirke yana faɗin matsayin wanda ya sa shi, na Bahaushe kuwa yana faɗin arzikin wanda ya ba da shi. Gashin jiminar da ke kan bawa ado ne na ubangidansa.

4. Ƙasar Arewa: iko biyu, kariya biyu

Marc-Henri Piault, a littafinsa Histoire Mawri (1970), ya nuna cewa iko a Arewa kashi biyu ne. Akwai Gubawa, waɗanda suka riga kowa zama, masu alƙawari da iskokin ƙasa, waɗanda manyansu su ne Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji. Akwai kuma gidan sarauta, zuriyar Ari, wanda labarin baka ya ce ɗan sarkin Barno ne, ya auri ɗiyar Baura aka haifi Akazama. Daga wannan zuriya ake samun Sarkin Arewa, wanda Matankari ta zama mazauninsa. Gubawa ke da ƙasa, ƴaƴan sarki ke da mutane da yaƙi.

Mai karatu zai iya cewa, tun da kalmomin kayan hawa ta gabas suka shigo, gidan sarautar Arewa kuma yana danganta kansa da Barno, to harshe ya tabbatar da labarin Ari. Wannan hujja ba ta tsaya ba. Sirdi, lifidi da sulke kalmomi ne na ƙasar Hausa baki ɗaya, daga Zazzau har Adar, kuma za su iso Arewa ko da Ari ko babu shi, ta hanyar Kabi, Gobir ko Katsina. Abin da za mu iya cewa shi ne, a duk wannan yanki doki da kayansa da sunan Barno tafiyarsu ɗaya a matsayin alamun sarauta, kuma gidan da ke son a san shi da mulki yakan riƙe su duka.

A ƙarni na 19 Arewa ta sami kanta a tsakiyar masu ƙarfi. Tun a 1804 jama'ar Shehu suka kai hari Matankari da Ƙonni. Daga baya ga Sakkwato da Gwandu a gabas da kudu, ga Kabawa da suka tayar da kai a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, ga Zabarmawan Isa Korombe a yamma, ga kuma Buzaye ta arewa, wajen da Sukukutane ke fuskanta, da raƙumansu da manyan garkuwoyinsu na fatar walwaji. Samna Ƙarfe na Tibiri ya yi suna ne a cikin ƙawancen Kabawa da Zabarmawa. Riƙe ɗan lifida guda yana bukatar ƙaƙƙarfan doki, hatsin ciyar da shi shekara duka, da masu yi masa hidima. Ƙaramar sarauta ba ta iya tara irin wannan da yawa, don haka ƙarfin ƙauyuka a hannun maharba yake.

Shi kuwa maharbi kariyarsa wata iri ce: laya, guru, kambu, maganin ƙarfe irin na ƴan tauri, da yardar iskokin ƙasa. Kuskure ne a raba waɗannan biyu a ce ɗaya na Musulmi ne ɗaya na Azna, domin barde ma yakan ɗinka layu a jikin hularsa da rigarsa, kamar yadda Kananeji ya haɗa sulke da Cibiri. Bambancin yana ga wanda ke bayarwa: lifidi da kwalkwali daga hannun sarki suke fitowa, asiri kuwa daga hannun masu ƙasa da malamai. Sarkin da zai fita yaƙi yana bukatar duka biyun, kuma wannan bukata tana cikin abubuwan da suka ɗaure gidan sarauta ga Lugu da Bagaji.

A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta iso Arewa. Turjiyar da tarihi ya riƙe ta faru ne a Lugu, garin Sarauniya Mangu, inda mutane suka shige sarƙaƙiyar daji suka yi ta harbi da baka, har Faransawa suka yi asarar sojoji kafin su ƙone garin. Littafin Abdoulaye Mamani (1980) da fim ɗin Med Hondo (1986) sun yaɗa sunanta, sai dai sun mai da ita jarumar fagen fama, alhali a Lugu Sarauniya mai tsaron ƙasa ce, mai farin zane, wadda ikonta ke tare da dutsen Tunguma. Shekara huɗu bayan haka, ranar 15 ga Maris 1903, dawakin Sakkwato suka fuskanci bindigogi masu aman wuta na Ingilishi. Daga nan aikin kariya na kwalkwali ya ƙare.

5. Rawani da abin da ya saura

In kwalkwali na barori ne, mene ne alamar kan sarki? Harshe ya ba da amsa. A Hausa ana naɗa sarki, da aikatau ɗin da ake naɗa rawani da shi, kuma bikin kansa naɗi ne. Kayan sarautar da ake gado su ne irin takobi Gajere na Katsina, tagwayen masu na Kano, da tambura. Abin sha'awa, Girkawa ma a nan suka ƙare. Bayan Iskandar, alamar sarauta ta zama diadema, wato farin ƙyalle da ake ɗaurawa a ka, daga aikatau diadein mai ma'anar ɗaurawa a kewaye. A jikin kuɗin Sarki Yukratid na Baktiriya, na ƙarni na 2 K.M., ana ganin kwalkwali mai ƙaho, ga kuma bakin ƙyallen yana reto a ƙeya. A wurare biyun, abin da ke tabbatar da sarauta ƙyalle ne wanda ba ya tare sara.

Aikin martaba na kwalkwali kuwa ya rayu. Baraden Zarmakoy na Doso suna fita da lifidi da gashin jimina a manyan bukukuwa, haka ma ƴan lifida da ƴan sulke a hawan salla na Kano da Katsina. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Mai babur kuwa hular kwano yake cewa, tsohuwar kalmar ta tsaya a fada.

6. Kammalawa

Mun ga cewa siffar kwalkwali tana bin makamin da ake tsoro da yanayin ƙasa, ma'anarsa kuma tana bin tsarin mallaka: a biranen Girka shaidar ɗiyauci ne, a fadojin Makedoniya alamar jikin sarki, a ƙasar Hausa shaidar yawan bayi da dawakin sarki. A Arewa ya zauna kusa da wata kariya wadda ba sarki ke rabawa ba, kuma wanda ya rubuta tarihin yankin daga kayan fada kaɗai zai bar rabin ikon a waje. Aikin da ke gabanmu na gaggawa ne: a tattara sunayen sassan lifidi, kayan doki da kayan maharba daga bakin dattawa, makaɗa, maƙera da dukawa a Matankari, Tibiri, Lugu da Sukukutane, a rubuta su da karin sauti da tsawon wasali, sannan a gwada su da na Barbarci, Zabarmanci da Buzanci, tare da faya-fayen da ke ajiye a IRSH da CELHTO a Yamai. Ta haka ne za a bambance abin da Arewa ta aro da abin da ta ƙago, a kuma gane hanyar da kowane ya biyo.